Farantan Lorraine Suna Kallon Gabas

Quartzsite, Arizona
4 ga Disamba

Zuwa ga Yaya Sahura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki da sanyin Columbus? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na karanta wasiƙarki har sau biyu. Na san abin da ke cin ranki: mace mai ciwon suga, ita kaɗai a mota cikin hamada, in ta faɗi wa zai sani? Ban ga laifinki ba. Amma kin san tun rasuwar Malam, maigidana, zaman ɗakin nan ya gagare ni.

Abin da ya sha mini kai yanzu wuta ce. Allurata sai da firji, firji kuwa sai da batir. Maƙwabcina Duane, tsohon mai gyaran wuta, ya zauna ya auna duk abin da nake kunnawa, har butar shayi. Ya ce in sayi batirin litiyam don ya fi mai ruwa daɗewa, da farantan sola na wat ɗari biyu, da kwantirola, 'yar na'urar da ke tsakaninsu tana hana caji ya yi wa batir yawa. Duk na yarda. Gardamar a kan inda za a sa farantan ce. Duane ya ce a ɗaure su a rufin mota a huta. Lorraine, tsohuwar da motarta ke kusa da tawa, mai shekara saba'in da takwas, ta ce masa, "Kai dai raggo ne, ƙaton banza. Wa ya taɓa ganin farantin rufi ya ce mai shi na da rai?" Ya ce, "Ke tsohuwa, ai ko mutuwa tsoron bakinki take."

Ga nufinta, Yaya. Mutanen zangon nan, masu zama a motocinsu, ba sa son a buga musu ƙofa. Masu farantan ƙasa suna juya su sau uku, gabas da safe, kudu da azahar, yamma da la'asar, maƙwabta kuma farantin suke kallo. In rana ta wuce shi bai bi ta ba, sai a je a duba. Ta ce da ni, "Ki kalli nawa, 'yar nan, ni ma in kalli naki." Na yi mata alkawari. Na ƙasa zan saya da zarar sun iso kanti. Kin ga ke nan akwai ido a kaina, ki kwantar da hankalinki.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki, Ramlatu.

13 ga Disamba

Yaya Sahura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ni jikina ƙalau, zuciyata ce ba daidai ba.

Lorraine ta rasu. Jiya Juma'a da hantsi Duane ya je mayar mata da sukundireba, ya buga shiru, ya leƙa ta taga. Tana zaune a kujerarta, da tabarau a fuskarta.

Kwantirolarta irin mai ajiye tarihin wutar da aka ja kowace rana ce. Bayan an tafi da gawarta Duane ya danna ya duba, ya nuna mini. Tun yammacin Litinin ba abin da ya ja wuta sai firji. Matar da ba ta iya buɗe ido sai ta dafa kofi. Kwana uku cur da rasuwarta, Yaya, ina taku ashirin da ita. Amma batirinta cike yake fal kullum, domin farantan ba su fasa bin rana ba ko sau ɗaya.

Dole in faɗa miki nawa laifin. Ranar Talata da la'asar na ga nata ba su juya ba. Abin da muka yi alkawari a kansa ke nan. Sai na tuna tana fama da gwiwa, na ce kada in tashe ta, na lallaɓa na juya mata su, har ina jin daɗin na yi aikin lada. An koya mana amana tun muna kan allo, ga shi na tauye ta da hannuna.

Da na faɗa a gaban mutane ina kuka, Duane ya cire hularsa ya ce shi ya juya na azahar duk kwana ukun. Yolanda, mai sayar da burodi a bayan motarta, ta ce, "Wayyo ni, la'asar biyu ni na juya su." Kowa ya taimaka a ɓoye don kada tsohuwa ta ji kunya.

Saura na safe. Da idona na gan su, Talata da Laraba da Alhamis, bayan na idar da asuba gari ya yi haske, suna kallon gabas, alhali yamma aka bar su. Mun bi mota-mota mun tambaya. Ba wanda ya taɓa su. Duane ya ce wataƙila iska ce, amma bai dube ni ba da ya faɗa. Kowane faranti da dutse a ƙafarsa.

Ki sa ni a addu'a.
Ramlatu.

21 ga Disamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji. Na gode da kiran da kika yi.

Ɗan Lorraine ya zo daga Spokane ya ɗauki motar. Ya ba ni farantan da kwantirolar, ya ce ta rubuta masa cewa nawa ba su iso ba. Na ƙi, ya nace, na tambaye shi ko akwai wani magajin da bai yarda ba, ya ce shi kaɗai ne. Na karɓa. Duane ya haɗa mini su da sabon batirin. Firji na aiki, allurata ta yi sanyi, alhamdu lillahi.

Mun kuma yi sabuwar doka a zangonmu: ba mai taɓa farantin wani, ko da hadari ne ya taso. In bai juya ba, a buga ƙofa.

Shekaranjiya sugana ya sauka da safe. Na yi sallah a zaune, na sha ruwan lemo, na kasa fita har hantsi ya yi. Ina kwance ina jiran a bugo, har da ɗan jin daɗi, na ce yau zan ga dokar ta yi aiki. Ba wanda ya zo. Da na samu ƙarfi na buɗe ƙofa, sai na ga farantan suna kallon gabas, duwatsun a ƙafafunsu daidai yadda Lorraine take jera su, babba a hagu. Yolanda ta ɗago mini hannu daga nesa ta ce, "Sannu da himma, 'yar'uwa, yau kin riga kowa!"

Na yi ta'awwuzi, na karanta abin da ya sawwaƙa. Ban san mene ne ba, ba zan kuma faɗi abin da ban sani ba. Ba ya cutar da ni, batirina kullum a cike. Ina nan da raina, Yaya, amma farantan nan haka za su ce ko babu ni.

Don haka ga roƙona. Ki kira ni kowace safiya, ki ji muryata da kunnenki. In ban ɗauka ba sau biyu, ga lambar Duane a bayan takardar nan. Zai ce miki ya leƙo ya ga komai lafiya. Ki ce masa kada ya kalli faranti. Ya fasa ƙofar.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa mu cika da imani.
Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ramlatu.