Inna Ta Ce Maganinka Za Ta Jira

Gafasa, Ajingi

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Ya aikin bincike, ya baƙunta? Mu nan alhamdulillahi, sai dai jikin Inna.

Tun da aka yi mata ƙarin ruwan maganin ciwon daji karo na uku a Kano, gashinta ya zube, bakinta duk gyambo, ko kunu da ƙyar take haɗiya. Ranar da za mu koma asibiti, har mota ta iso, ta ce ba inda za ta.

Na ce, "Inna, don me?"

Ta ce, "Ai Sani ya ce mini suna haɗa wani magani a ƙunshe, yana bin jini ba ya taɓa komai, sai an ɗora na'ura a kan ƙullutun ciwon, sannan sautinta ya fasa ƙunshin. Shi zan jira."

Na je ni kaɗai na tambayi likita. Ya ce gaskiya ne, amma gwaji ake yi har yanzu, kuma ciwonta ba zai jira ba. Daga nono ya kai hammata.

Ni ta daina jin maganata. Don Allah ka kira ta, ka gaya mata da bakinka cewa naka ba zai iso da wuri ba. Na san saboda ita ka shiga wannan karatun.

Ka sa ta a addu'a. Kawu Ɗanjuma yana gaishe ka. A gaida Hadiza.

Yayarka,
Binta