Shuɗin Duron da Na Aiko Lombok

Maman Saepul,

Gaisuwa daga Johor. Ya jikoki, ya ƙafar taki?

Na taɓa jin wai akwai dafin da ba ya ruɓewa, a ƙasa ko a jini. Na ce hirar masu shan kofi ce. Yau ga ni ina ƙona shi. A kumfar kashe gobara yake, sai tanderu ya fi maƙera zafi yake mutuwa. Ana shan zafi, amma shinkafa ba ta yanke mana ba, alhamdulillahi.

Duron da na cuso miki tsaraba a ciki, a wurin aiki na ɗauko shi. Don Allah ki daina tara ruwan sha a ciki. Na san za ki ce, "Kai tsoho, sau uku fa na wanke!" Wanki ba ya fitar da dafin. Likitar da ta auna jinina ce ta faɗa mini.

Naki,
Baban Saepul