Kada Ku Juya Kabarin Babana

Zuwa ga Baba Rabaran da kwamitin gyaran maƙabarta na majami'armu ta Anglikan, Sabon Gari.

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kuna lafiya. Ni ce Rifkatu, 'yar marigayi Rabaran da ya yi hidima a wannan majami'a tun kafin a haifi yawancin 'yan kwamitin. Sau biyu ina hawan acaɓa daga Samaru zuwa ofishinku, sau biyu ana ce mini kuna taro. Shi ya sa na rubuta a fili.

Na farko: ranar Lahadi aka sanar cewa Asabar mai zuwa magina za su daidaita kaburbura, su kuma tone wanda aka yi kuskurensa su juya shi. Na leƙa maƙabarta, sai ga jan fenti a dutsen kabarin babana. Ashe nasa ake nufi. Ko saƙon waya ba wanda ya turo wa iyalinsa.

Na biyu: ba kuskure ba ne, Baba. Tsohuwar al'adar ɗariƙarmu ce. Ana binne kowa yana fuskantar gabas, shi kuwa limamin coci ana juya shi, domin ranar tashin matattu ya miƙe yana duban jama'arsa, yadda yake tsayawa gabansu kowace Lahadi. Babana da bakinsa ya roƙi haka yana kwance a asibiti. Ina tsaye dattawa suka kwantar da shi haka a kabari.

Mutumin nan da keke ya riƙa zuwa ƙauyen Bomo yana wa'azi. Shi ya fara sujadar Hausa a nan lokacin da ake yi da Turanci kaɗai, shi ya yi wa iyayen wasunku baftisma. Yanzu don layi ya miƙe za a ɗaga ƙasusuwansa? Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Roƙona ku dakatar da maginan kafin Asabar, ku goge fentin, ku tambayi tsofaffin da suka rage. In ba haka ba, za ku same ni zaune a kan kabarin tun da safe.

Kabarin mahaifiyata yana layi na biyu, daidai inda yake kallo. Kada ku sa ya juya mata baya.

Allah ya ba ku hikima, ya ƙara wa Baba lafiya. Wassalam.

Rifkatu, Samaru.