Haƙorin Cizon Masara

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Na je wurin likitan haƙorin da kika haɗa ni da shi, amma hankalina bai kwanta ba. Ko taɓa bakina bai yi ba. Wata na'ura ce ta zagaye kaina, sai ga muƙamuƙi a kwamfuta yana juyawa, wai nawa ne. Ya nuna min inda jijiya ta bi, da inda zai kafa ƙarfen da sabon haƙori zai zauna a kai, duk a hoto. Wa ya tabbatar min ba na wani ba ne?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, wai bayan dashen sai na yi wata huɗu ban ciji abu mai tauri ba. Daidai lokacin karɓar ajiyar masarar mutane a sitonmu! Kin san shekara talatin da haƙori nake gane bushewarta: in ta ce ƙas ta shiga sito, in ta lotsa ta koma shanya. A satin nan kuma yayanki ya sayo na'urar auna danshi. Faɗa min gaskiya, baki kuka haɗa don a zaunar da ni gida?

Na ɗage aikin.

Mahaifinki.

'Yata,

Ina gaishe ki, ya jikin ƙaramin naki? Amsarki ta iso, rantsuwar ma ta yi yawa.

Mun raba aiki da yayanki. Buhun da na gwada ina sa masa jan alli, nasa kuma fari. Duka mun jera su kan katako, nesa da bango, mun bar hanyar iska. To shekaranjiya ina buɗe ƙofar sito wari ya dake ni, irin na tufafin da aka ninke da laima. Funfuna ce, ba tantama. Na tambayi yayanki, ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Mai gaskiya ba ya haka. Kuma hatsin nan ba namu ba ne, amanar mutane ce, abincin gidajensu na shekara. Gobe zan farke buhunan ɗaya bayan ɗaya a gabansa.

Mahaifinki.

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Mun farke. Masu farin alli garau suke. Goma sha ɗaya daga cikin nawa sun yi kore sun dunƙule, ko kaji ba a ba su.

Tun da haƙorin taunata na dama ya fita, da gefen hagu nake cizo, kuma can ɗin ma girgiɗi yake. Ba na jin komai, 'yata. Nakan sa ƙwaya a baki ne kawai in gyaɗa kai, don kada masu kaya su gane. Ashe yayanki ya gane tun farko. Ya yi niyyar bin bayana ya sake auna buhunana, ni kuma na hana shi zuwa kusa da su. Sunkuyar da kan nan da ya yi, kunyata yake ji.

Ki sanar da likitan ina zuwa ranar Litinin, ya yi yadda kwamfutarsa ta nuna. Masu masarar kuwa yayanki ya ce shi zai je ya ce musu laifinsa ne. Na hana shi. Ni zan je da kaina; gida bakwai ne, yanzu nake sa takalmi.

Mahaifinki mai ƙaunarki.