Kin Zama Surukata

Yaya Balkisu,

Na iske barci ya kwashe ki a bakin ƙofar Kaka, ludayi a hannu, ban tashe ki ba.

Ta farka tana kirana Malam Isufu, wai ni ne marigayi kakanmu. Da can da wasa take ce mini mijinta, yau da gaske take. Ta yi mini faɗan gona, na ba ta haƙuri, ta sha kunu, ta haɗiye maganinta. Kar ki sake ba ta.

Ke kuma tun jiya "Inna" take ce miki. Ke uwarta, ni mijinta, kin zama surukata ke nan. Don kunya na tura babur waje, na sulale kasuwar Mallawa ba sallama.

Matata Tabawa za ta zauna da ita har la'asar. Ki ci abinci, ki je sunan gidan Nafi, kar in dawo in tarar da ke kina wanki. Ba umarnina ba ne. Ita ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, a bar Inna ta huta. Ni na gajiyar da ita."

Surukinki na dole,
Habibu