Maganin da Baba Ke Jira

Gummi, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ƙanena Abdulbasit,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya karatu? Tun da aka yanke layukan waya sai wasiƙa, Bello direba zai kawo maka.

Abdulbasit, ka ja mana aiki. Wa ya aike ka ka gaya wa Baba cewa a jami'arku kuna gwada wani sinadarin furotin mai sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su sake tsiro? Wata huɗu ke nan da faɗuwarsa daga babur a hanyar Bukkuyum, kansa ya bugu, hannun dama ya mutu. Da ƙyar muka samu yatsu biyu suka fara motsi, saboda atisayen da likita ya ɗora shi a kai safe da yamma. Yanzu ya daina. Wai don me zai wahala, alhali ɗansa na tafe da magani? In na kama hannun, sai ya kau da kai.

Inna kuwa ta baza labari. Jiya wata mata ta zo tun daga Yargalma da ɗiyarta wadda gubar dalma ta taɓa tana jaririya, wai a sa sunanta cikin masu jiran maganin. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Ni na san ɓeraye kuke yi wa allurar. Ka rubuto gaskiya, don Allah, ba tare da kwana-kwana ba.

Yayarka,
Ummukulsum

Gummi, 2 ga Oktoba, 2021

Abdulbasit,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarka ta iso, shafi biyar! Bayani ɗaya ake nema, ka cika mu da Turanci. Sai a shafin ƙarshe ka yarda cewa naku bai kai ga mutane ba, wataƙila sai bayan shekaru.

Na karanta wa Baba. Kwana uku ko tuwo ya ƙi ci. Likita ya duba, ya ce yatsun sun sandare, sai an sake daga farko, kuma ba lalle su dawo yadda suke ba.

Shekaranjiya bayan sallar asuba ya kira ni, ya ɗago hannun daman da na hagu, ya aza mini a cinya. Mun fara atisayen. Yana zagina, ina lanƙwasawa.

Ya hana a ambaci sunanka. Amma kullum sai ya tambayi Inna ko Bello ya dawo. Ka rubuto masa, shafi ɗaya, da Hausa.

Inna na gaishe ka.

Yayarka,
Ummukulsum