Motar da Za Ta Riƙa Kwana a Kaura

An ba Muhtari mota! Turai, an ba jikanmu makulli, kuma ba tirelar Legas ba ce, motar kanta ce, 'yar madaidaiciya, wadda za ta riƙa kwana a Kaura!

Ki gafarce ni, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum, ya ke ruwan farkon damina, inuwar tsamiyata, sanyin randata, hasken idon da ya fara dushewa. Kin ga na rubuta sunanki ƙiri-ƙiri. Shekara arba'in da bakwai bakina na jin nauyinsa, sai dai in ce ke, ko uwar gida, amma alƙalami ba ya jin kunya. Allah ya saka wa malamin ajinmu na yamma da alheri, da ya yi haƙuri da tsoho mai taurin yatsu har ya iya jera baƙi. Ke kin riga ni iya karatu, don haka na san babu wanda zai shiga tsakaninki da wannan takarda. Waya kin ƙi ɗauka. Takarda kuwa ba a kashe ta.

Yau kwana goma sha tara da kika tafi Zurmi gidan ɗiyarmu Mairama. Kin ce ba za ki zauna ki ga an mayar da Ummusalma, amaryar Muhtari, abin da aka mayar da ke ba. Na yi miki tsawa, na ce ai namiji a hanya ake saninsa. Kaico da bakina! Tun ranar gidan nan ya zama gonar da aka girbe, sai kara tsaye da iska. Ina amfanin tabarma biyu a ƙarƙashin dalbejiya, ɗaya babu mai zama? Wa zai ce mini na cika surutu?

Kina tuna ranar da aka ba ni motar roka ta farko? Shekara shida ina yaron mota, ina sa waigi a bayan taya, ina kwana bisa buhuna, sai ga ni a kan sitiyari. Watanmu huɗu da aure. Aka loda mini gyaɗa a kusa da tashar jirgi, ruwa ya tsuge, kika aiko mini da fura a ƙwarya, kin rufe ta da faifai kin naɗe da kallabinki don kada ta jiƙe. Na sha furar, na riƙe kallabin, na ɗaure shi jikin madubi. Ya je Ibadan, ya je Anacha, ya je Fatakwal, ke ba ki je ko'ina ba. Ni a lokacin gani nake duniya aka buɗe mini. Ban san ƙofar ɗakinki na rufe miki ba.

Da na iso gadar Gagare sai in danna oda sau uku, biyu gajeru ɗaya doguwa, duk unguwa ta san Zakariyya ya dawo. Kin taɓa ce mini har kukan jaki ya sha sa ki miƙe tsaye da muciya a hannu. Na yi dariya a lokacin. Yanzu da nake zaune ina kasa kunne ko zan ji babur ya tsaya a ƙofar gida, dariyar ta ƙi zuwa.

Haihuwar Mairama fa? Ina can bayan Jebba, motata ta karye a daji, shanun mutane na nishi a baya. Na iso kwana biyar bayan suna, ɗauke da burodi da turmin atamfa, na tarar an yi aski, an yanka rago, ƙanena ya tsaya a madadina. Kika ɗora mini jaririyar a hannu mai warin baƙin mai, kika juya kina gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Ya ke mai haƙurin ƙasa! Ana taka ki kina ba da gero. Cikin 'ya'yanmu bakwai, uku kaɗai na yi wa huɗuba da bakina.

To ga yadda aka yi jiya. Kin san al'adar tasha: ba a ba sabon direba makulli sai wani tsohon direba ya tsaya masa, ya sa hannu a takarda cewa ya san shi, ya san gidansu, ya yarda da hannunsa. Alhaji Magaji mai motocin ya gwada Muhtari da safe, ya sa shi ya yi baya da lodi tsakanin ganguna biyu, yaron nan bai taɓa ko ɗaya ba. Alhaji ya ji daɗi har ya ajiye takardu biyu, ya ce a zaɓa. Ɗaya ta tirela mai kai shanu Legas, ɗaya ta kanta mai jigilar hatsi tsakanin Kaura da Shinkafi da Zurmi.

A zamanina babban yatsa na dangwala, ban san me aka rubuta ba. Jiya kuwa na sa tabarau, na bi layi-layi da yatsa, 'yan kamasho na tsokanata wai Baba zai kai mu azahar. A takardar tirela na ga ranar tashi, na ga inda za a sauke. Na nemi ranar dawowa, Turai, na juya bayanta, babu. A ta kanta kuwa, can ƙasa an rubuta cewa mota za ta kwana a garejin Kaura kullum. Na karanta layin sau biyu, idona ya cika.

Muhtari tirela yake so, kuma laifina ne. Tun yana ƙarami nake cika masa kunne da labarin teku da gadoji da doyar Mokwa, rabin labarin mai daɗi kaɗai. Na ja shi gefe bisa benci, na ba shi ɗaya rabin, wanda naki ne. Na gaya masa labarin ranar sunan Mairama, na gaya masa sallolin da kika yi ke kaɗai da sabon zane babu mai gani. Na ce masa duk wadda ya ɗauka zan sa hannu, ba zan tilasta masa ba. Ya daɗe yana kallon tirelar nan, doguwa, sabuwar fenti, abokansa na yi masa ihu wai zai zama direban kasuwar ƙauye. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ƙaramin makullin. Na rubuta sunana cikakke.

Ba zan yi miki ƙarya ba, farin watana, gajerar hanya ma yanzu ba ta da tabbas. Kin san halin da dajin nan yake ciki. A ayari motoci suke bi, da rana tsaka, bayan la'asar ba a shiga. Albashin kuma bai kai na tirela ba. Amma za a san inda yake kafin a kira magariba, Ummusalma za ta zuba tuwo a kwano biyu. Abin da ya rage masa addu'arki ce, ya ce ba zai ji ya zama direba ba sai kin sa masa albarka.

Ni ma ita nake roƙo. Ki dawo, zumar tsufana, ki dawo! Kin yi gaskiya, na yi kuskure, ga shi a rubuce, ki ajiye ki riƙa nuna mini duk ranar da na ɗaga murya. Ranar Asabar lodinsa na farko Zurmi za shi, da gishiri da taki. Zan biyo shi. Shekara talatin da ɗaya na yi tuƙi ban taɓa sa ki a gidan gaba ba, wannan karon kujerar taki ce, ni in hau bisa buhuna.

Naki ne ni, tun ina da baƙin gashi har ya zama auduga, kuma naki zan kasance har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Zakariyya, tsohon direbanki.

Ki gaya wa Mairama da maigidanta da duk maƙwabta, da masu awo na bakin kasuwa, Asabar da hantsi su fito bakin titi. Motar shuɗiya ce, bayanta na katako. Kowa ya zo ya gani, ya ga jikan Turai a kan sitiyari!